Yadda Muka Kifar da Amalanken Kawu a Shafin Intanet

Shekarun baya, lokacin da na dawo Madawa daga karatun kwamfuta a Tawa, tafiya nake yi ina jin kaina kamar ni na ƙera intanet ɗin da hannuna. Mahaifiyata kan bi ni da kallo ta ce, "Ke dai Allah shi sa wanga ilimi naki shi sayo muna ko gishiri." Ni kuwa dariya kawai nake yi, don a lissafina kafin sabon wata ya tsaya manyan kamfanoni za su yi layi a ƙofar gidanmu. Mutum ɗaya ne ya zo, kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ma ba da niyyar biya ba.

Kawu maƙeri ne ɗan maƙera. Iyayensa hauya da lauje suka ƙera, shi kuma ya buɗe atiliye a bakin hanyar Buza, inda ake yanka ƙarfe a yi walda a fitar da amalanken jaki da ta shanu. A da aikin ya yi tashe sosai. Masu furoje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara, na gyaran ƙasa a wajen Keita kan sayi amalanke da yawa don jidar duwatsu, har Kawu ya ƙara ma'aikata ya sayo sabon inji. Daga baya wannan ciniki ya ɗauke ƙafa. Kasuwa kuma ta cika da wasu amalanke masu araha, ƙarfe siriri, fenti kuwa sai ɗaukar ido. Atiliyen da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙara, ya koma wurin shan shayi.

Yayana shi ne babban mai walda a wurin. A farkon daminar nan Kawu ya tara ma'aikatansa ya gaya musu gaskiya: in hatsi ya shiga rumbu ba a sami aiki ba, zai kulle atiliye ya sayar da injinan. Kafin sati ya zagayo yayana ya gama magana da abokansa da za su tafi Libiya bayan girbi. Matarsa kuwa na ɗauke da cikin fari. Ƴan'uwana maza biyu sun riga sun tafi tun tuni, sai dai murya a waya. Da labarin ya iso gida, mahaifiyata ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Ni na gaji da haihuwa ma hanya." Tun daga ranar abincin kirki ya daina shiga cikinta.

To, a cikin wannan hali ne Kawu ya zo ya same ni. Ya ce, "Ɗiyata, an ce kin iya sa mutum cikin intanet. Ki sa ni, masu furoje su gan ni su tuna ina nan."

Na ce an gama. Sai dai Kawu da tsarinsa ya zo, tun daga sama har ƙasa. Ya sanyo babbar rigarsa ta sallah, ya kafa hula, ya harɗe a kujerar roba aka ɗauke shi hoto. Abokinsa, wani tsohon mushe, wato malamin boko, da ya yi ritaya daga koyarwa, ya rubuto mana jawabi da Faransanci mai nauyi. Jawabin ya fara da gaisuwa, ya gode wa hukuma, ya bi asalin gidan maƙera tun daga kaka, sai can ƙasa, in kana da sauran numfashi, ka tarar ana ƙera amalanke. Da na ce bari in ɗauki hoton cikin atiliye da ma'aikata suna aiki, Kawu ya zaro ido. "Ke, ina kika taɓa ganin an tarbi baƙo da toka da gawai? A share, a shimfiɗa tabarma, sannan a ce mashi bismilla." Amalanken ma sai da aka yi mata sabon fenti aka ɗauke ta daga gefe, can nesa.

Ni ma ban bari an bar ni a baya ba. Na sa sunan atiliye yana juyawa yana walƙiya, na sa kiɗa yana tashi da kansa. Shafin ya yi nauyin da, da irin rezo namu, wato layin intanet ɗinmu mai jan ƙafa, in ka buɗe shi hular Kawu ce ke fara fitowa, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin gemu ya sauko. Amma a lokacin wallahi gani nake babu irinsa daga nan har Yamai.

Damina ta shiga ta yi nisa, gero ya fid da kai, wayar Kawu shiru kamar an shuka dusa. Kira ɗaya tak shafin ya jawo. Wani bawan Allah ne ya bugo cikin ladabi yana tambaya ko Alhaji takarar magajin gari zai tsaya, don yana da matasa. Kawu ya kashe wayar ya dube ni, na dubi ƙasa. Yayana kuma ya fara sayen ƴan kayan tafiya yana ɓoyewa a ɗakin abokinsa don kada mahaifiyata ta gani, alhali ta sani sarai.

Ana nan sai Kawu ya ce a loda amalanke biyu a kamyo, babbar motar kaya, a kai kasuwar Bangi ko Allah zai sa a dace. Na ce zan bi yayana, don a ganina laifin hotuna ne, in na ɗauko sababbi cikin jama'a shafin zai farfaɗo. Muka isa da hantsi, aka sauke su kusa da masu sayar da jakai, na sami inuwa na zauna da wayata ina jiran mutane su zo su yaba fenti.

Babu wanda ya kalli fentin. Mutum na farko ya yi sallama, kafin yayana ya gama amsawa ya riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin amalanke. Na biyu ya cire hula ya kwanta rigingine a ƙasa ya shige ciki, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na uku ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya kasa kunne. Har azahar haka aka yi ta yi, manyan mutane masu furfura suna birgima cikin kashin jakai. Ƙasarmu ta Adar duwatsu ce da gangare, kowa ya san amalanke daga ƙasa take mutuwa, ƙarfen nan ya lanƙwashe ko walda ta ɓalle kana tsakiyar hanya da kaya.

Can sai ga wani dattijo daga ƙauyen wajen. Shi ma ya leƙa ya ƙwanƙwasa, sannan ya laluba aljihu ya fito da waya ya miƙo mini. "Ɗiyata, kira mani ɗana, shina Abijan. Irin kiran da aka ganin mutum." Na kira. Wani saurayi ya bayyana da ƙura a gashinsa, da gani daga wurin aiki ya fito. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya ce, "Baba, a sa wayar ƙarƙashi in gani. Ni ba ni cinikin biri a sama." Dattijon gwiwa ta ƙi, yayana na can yana fama da wani mai saye, saboda haka ni ƴar boko, da atamfata mai guga, ni na tattare zane na rarrafa na shige da wayar.

Daga can ƙarƙashi muka yi hira da saurayin. Ya ce in matsa nan, in haska can. Ya ce bara ya aiko a saya wa tsohonsa amalanke ta hannun wani ɗan'uwa, aka sayo mai kyan fenti, ba ta ga ƙarshen kaka ba ta karye a gangare da dammunan gero a kanta. Ya tambaye ni ko mu da kanmu muke ƙerawa ko dillalai ne mu. Ya tambaya wa zai kai ta har gida, kuma ta yaya shi da ke nesa zai tabbatar wannan ɗin ce aka kai. Ina amsawa kaina yana ƙara buɗewa. Duk tambayoyin nan babu amsar ko ɗaya a shafin da na kwashe damina ina taƙama da shi.

An yi cinikin. A hanyar dawowa, muna bayan kamyo iska na dukanmu, na tambayi yayana su wa ke biyan ƴan amalanken da suke sayarwa a ƴan shekarun nan. Ya yi tunani ya ce yawanci ƴaƴan da ke waje ne ke aikowa, tsofaffi dai zaɓa kawai suke yi. Shi ma bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Na ce, "Yaya, muna ta yi wa masu furoje Faransanci, ashe masu sayenmu ƴan'uwanmu ne, suna can suna neman wanda zai leƙa musu ƙarƙashi." Ya ce, "In ƙarƙashin nan kika nufa, ki shirya ma Kawu."

Ya san abin da yake faɗa. Akwai yadda Kawu ke ɗaure ƙarƙashin amalankensa: ƙarfe mai kauri, da wasu guda biyu da ke gittawa su tallafe shi, da wata irin walda da yake naɗewa a mahaɗa. Ya ce daga yadda mahaifinsa ke lanƙwasa ƙarfe ya samo dabarar. A gidan maƙera kuwa ba a wasa da sirrin sana'a. In wani mai walda ya shigo atiliye gaisuwa, kafin ya zauna Kawu ya jefa buhu a kan aikin.

Washegari na same shi na zayyana masa komai. Na ce a sauke hoton babbar riga, a sa ƙarƙashin amalanke a farkon shafi, a yi magana da Hausarmu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Abin da ubana ya ɓoye ma maƙwabcinai, shi za ki shanya ma duniya?"

Na ce, "Kawu, duk ranar kasuwa rabin Bangi na kwance ƙarƙashinta kyauta."

Ya ce, "Wanda ya kwanta ya gani, kafin shi kai gida ya mance. Hoto ba shi mantuwa."

Ni fa ba a san ni da haƙuri ba. Bakina ya kuɓuce na ce to a ci gaba da ɓoyo har a kulle atiliye, sai a rufe sirrin a ciki ɓeraye su gada. Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Kawu ya nuna mini ƙofa da haɓa, na fita ina huci, ina zuwa gida na fashe da kuka, rabi na haushi rabi na tsoron na ɓata komai.

Mahaifiyata ta bari na gama. Da safe ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Rabonta da taka atiliyen nan tun ranar da aka buɗe shi. Kawu na ganin yayarsa ya miƙe tsaye yana neman kujera, ta ce ba zama ya kawo ta ba. "An ce kana da sirri. Nima ɗiyar gidan ce, tare munka tashi cikin hayaƙin maƙerar nan, kuma ban taɓa ganin sirri ya cika ma kowa rumbu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Biyu sun tahi, wanga da ke maka walda shi ya rage mani. In sirrinka ya kai mani shi hamada, ka jiƙa shi ka sha." Ba ta jira amsa ba ta juya ta tafi, ta bar ni tsaye ban san inda zan sa kaina ba.

Kawu ya ture kujerar gefe. Sannan ya kira ma'aikata, ya kama gefen wata amalanke da kansa, suka kifar da ita tayoyi sama a tsakiyar fili. Ya goge hannu a riga ya ce, "Ɗauki. Amma ki sani ba ni yabon kaina. Yabon kai jahilci ne."

Na ce babu wanda zai yabi kowa, nunawa kawai za mu yi. Na ɗauki ƙarfen, na ɗauki mahaɗar kusa-kusa, na ɗauki yayana yana walda tartsatsi na tashi. Bayan kwana biyu muka kai amalanke wajen Allakaye, inda hanya ke gangarowa cikin duwatsu, muka cika ta da dutse, aka ɗaura jaki, na bi ta a guje ina ɗauka har takalmina ya tsinke. Ta sauka lafiya lau. Sannan na kara wa Kawu waya a baki na ce ya yi magana kamar da mai saye yake. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ni maƙeri ne, nan Madawa. Ga ƙarfen, ga waldar, kun gani. In ta karye cikin duwatsun Adar a maido mani, in gyara, ba ni amsar komi." Iyakar jawabin ke nan, kuma ban ƙara masa ko wasali ba.

Sabon shafin bai da kwalliya ko kaɗan. Kana buɗewa, ko da rezo mai rauni, ƙarƙashin amalanke ke fara tarbarka. A samansa layi ɗaya da Hausa: amalanken da za ka saya wa tsohonka kana nesa. Sai wurin da za ka taɓa ka ji muryar Kawu, don ba kowa ke karatu ba, sai hoton gangaren Allakaye mai motsi. A ƙasa alkawari: mu muke ƙerawa, mu za mu kai har ƙofar gida, kuma za mu ɗauki hoton tsohonka tsaye kusa da ita mu aiko maka. Daga nan sai babban maɓalli guda na kira. Sunan nan mai juyawa na cire shi ina jin zafi kamar ana cire mini haƙori. Faransancin mushe na mayar da shi shafi na biyu don kada a yi ɓatacciya. Hoton babbar riga kuwa, Kawu ya yi kwanaki yana yi mini gunaguni a kansa.

Na aika wa saurayin nan na Abijan shafin, na roƙe shi ya jefa a gurup na ƴan garinsu da ke waje. Na aika wa ƴan'uwana biyu su ma. Daga nan sai jira. An fara yankan gero, abokan yayana sun tsayar da ranar tafiya, waya kuma shiru. Nakan buɗe shafin in rufe, in sake buɗewa, ko wani abu ya lalace. Gaskiya ido ya raina fata, har na fara tsara yadda zan guje wa haɗuwa da Kawu a hanya.

Wata ranar Laraba ina tankaɗe a tsakar gida sai ga Kawu ya faɗo ko sallama bai gama ba, waya a hannu yana miƙo mini ita kamar ta ɗau zafi. "Amshi, wani ne daga Lome, shina son biyu, ɗaya ma ubanai ɗaya ma surukinai." Ban gama da shi ba wani kiran ya shigo daga Abijan. Amalanken farko wani ƙauye kusa da Keita muka kai ta. Tsohon ya shiga ɗaki ya sako rigarsa mai kyau, ya dafa ta, na ɗauka na aika. Ɗan nasa ya kira yana ta godiya, sannan ya watsa hoton a gurup ɗinsu. Wannan hoto ya yi mana aikin da ba mu taɓa zato ba, don duk wanda ya ga uban wani tsaye da sabuwar amalanke sai ya tuna nasa uban. Gani ya kori ji. Kafin a gama ɗaure dammuna ƙarfe ya ƙare a atiliye, sai da aka aika Konni neman ƙari.

Ranar tafiyar ina atiliye. Abokan yayana suka zo da jakunkunansu a kafaɗa suka tsaya a bakin ƙofa, ɗayansu ya ce mota na jira. Yayana ya kashe wuta, ya ɗaga gilashin walda, ya nuna musu jerin amalanken da ko tayoyi ba a sa musu ba. Ya ce, "Wa za ya ƙarasa waɗanga? Ku sauka lahiya. In kun isa kun samu, kun san lambar." Suka yi dariya, aka yi musabaha, suka wuce. Ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki. Ni kuwa farin ciki ya hana ni zama. Na yi ta wucewa ta gaban Kawu, in je in dawo, ina gyaran murya, har ya gaji ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na gan ki. Allah shi yi maki albarka. Yanzu ki kauce mani daga haske."

Abin da Kawu ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Shekara ba ta zagayo ba wasu masu walda suka kwaikwayi ɗaurin. Sai dai da siririn ƙarfensu suka yi, kuma da yawa daga cikin amalanken a atiliyen Kawu suka ƙare wurin gyara.

Yanzu wannan ce sana'ata. Ina yi wa masu ƙera ƙofofi, masu sabulu, masu matsar man gyaɗa shafuka. Kowa ya zo da hotonsa na sallah da tarihin gidansu, nakan karɓa da hannu biyu in ajiye gefe, in ce ya fara kai ni inda ake sayen kayansa. In zauna in ga ina mai saye ke fara kai ido, me yake taɓawa, me yake tsoro, kuma aljihun wa kuɗin ke fitowa. Abin da na gani shi ke zuwa farkon shafi, da harshen da mai sayen ke ciniki da shi. Wasu su yarda, wasu su yi fushi su tafi, wasu kuma su dawo bayan damina.

Matar yayana ta sauka lafiya cikin sanyin shekarar, aka sami ɗiya mace, uban na nan aka raɗa suna. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yara da yawa a waya ubanninsu ke fara ganinsu. Da ɗiyar ta isa tatata, wata rana da azahar yayana ya shigo cin abinci, hannuwansa baƙi ƙirin da ƙarfe. Yarinyar na tsaye ta dafa turmi. Tana ganinsa ta saki, ta tako tana tangaɗi har ta cafke ƙafar wandonsa. Mahaifiyata ta daina tsintar waken da take yi. Ni kuma saboda sabo na zaro waya da sauri zan ɗauka, sai na tsaya da ita a hannu. Babu wanda za a aika wa. Uban yana nan tsaye.